Shari'ar Centennial: Iyayen da Suka Ƙi Yarda da Minti 150 a Mako

A Amurka babu dokar tarayya da ta wajabta wa makarantar gwamnati ta yi wa yaro mai baiwa wani tanadi na musamman. Dokar 1975 wadda a yau ake kira IDEA ta tsaya ne a kan yara masu naƙasa. Rahoton Marland da aka miƙa wa majalisar dokoki a 1972 ya bayyana cewa ana barin haziƙan yara a baya, amma rahoto ne, bai ɗaure kowa ba. Dokar Javits ta 1988 kuwa kuɗin bincike da na gwaji take bayarwa, ba ta ba wani yaro haƙƙin da iyayensa za su kai ƙara a kai. An bar wa kowace jiha ta yi yadda ta ga dama, kuma jihohin sun sha bamban ƙwarai. A Konetikat, kotun ƙolin jihar ta yanke a 1994 cewa yaro mai baiwa ba shi da haƙƙin neman koyarwa ta musamman. Pensilbaniya ta ɗauki wata hanya dabam, kuma shari'ar da ta fayyace wannan hanya ita ce ta gundumar makarantu ta Centennial da ma'aikatar ilimin jihar, wadda kotun ƙolin Pensilbaniya ta yanke a 1988.

Tushen rigimar

Centennial gunduma ce a yankin Bucks, arewa da birnin Filadelfiya. Dokar makarantun jihar ta 1949 ta yi maganar yaran da suka fita daga matsakaicin hali, ta fuskar jiki ko tunani ko ɗabi'a, har ya zama suna buƙatar tanadi na musamman. Fita daga matsakaici na iya zama ta ƙasa, yana iya zama ta sama. Da wannan ƙofa ce masu baiwa suka shiga cikin ilimi na musamman a jihar, suka sami abin da masu naƙasa ke samu: tsarin karatu a rubuce na kowane yaro shi kaɗai, da damar iyaye su ƙalubalanci makaranta a gaban jami'in sauraren ƙara.

Gundumar ba ta musanta cewa yaron da ake magana a kansa mai baiwa ne ba. Tana ma da shiri domin irinsa: ana fitar da yaran daga aji na minti 150 a mako, a haɗa su wuri ɗaya, a ba su darussan faɗaɗa sani. Iyayen suka ce wannan bai wadatar ba. Ɗansu ya yi wa tsaransa nisa a karatun littafi da lissafi, kuma minti 150 ɗin ba su taɓa waɗannan darussa biyu yadda yake buƙata. Idan aka lissafa, awa biyu da rabi ke nan a cikin makon da ya kai kusan awa talatin na zaman makaranta. Sauran lokacin duka yana zaune ana koya masa abin da ya riga ya sani.

Hujjar gundumar ba ta banza ba ce, ya kamata a faɗa. Ta ce jiha ta amince da shirinta, kowane yaro mai baiwa yana samunsa daidai wa daida, kuma idan aka ce sai an yi wa kowa nasa tsarin, ba a san inda kashe kuɗi zai tsaya ba. Jami'in sauraren ƙara bai karɓi wannan ba, ya ce a ciyar da yaron gaba a karatu da lissafi gwargwadon matsayinsa. Sakataren ilimi na jihar ya tabbatar. Gundumar ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun Commonwealth, wata kotun ɗaukaka ƙara ta jihar, ta sha kaye a 1986, ta sake ɗaukakawa zuwa kotun ƙoli, nan ma hukuncin bai canza ba.

Hukunci mai kaifi biyu

Masu fafutuka sun fi son ambaton rabin farko na hukuncin. Kotu ta ce shiri guda da aka ɗinka wa dukkan masu baiwa ba ya sauke wa gunduma nauyi. Dole a duba yaron da ke gabanka, a gano inda ya kai, a tsara masa koyarwa a kan haka, ko da hakan ya wuce abin da shirin faɗaɗa sani ke bayarwa.

Rabi na biyu shi ne wanda ya fi shafar iyaye a aikace, kuma shi ne aka fi mantawa. Kotu ta ja layi: ba a tilasta wa gunduma ta ɗauko wa yaro malami na kansa, ko ta ƙirƙiro masa wani shiri da ya fita daga manhajar da take da ita. Alƙalan sun ce ba za a mayar da gunduma ta zama jami'ar Harvard ko Princeton ga duk wanda ma'aunin basirarsa ya haura 130 ba. Ma'ana, abin da ke cikin gidan gunduma, daga aji ɗaya har aji goma sha biyu, yaro na da haƙƙin a kai shi gare shi idan ya cancanta. Abin da ke waje kuwa, sai dai alfarma.

Shari'un da suka biyo baya sun ƙara wa wannan layi kauri. A ta Chester Upland, 1994, kotu ta ƙi a ɗora wa gunduma kuɗin makarantar kuɗi. A ta New Brighton, 1997, ta ce ba dole ba ne gunduma ta ɗauki nauyin kai ɗalibi kwaleji don ya ɗauki darasi. A ta Brownsville, 1999, inda aka sami gunduma da sakaci aka ce ta rama wa ɗalibi karatun da ya rasa, kotu ta ce ramuwar ma ba za ta wuce manhajar gundumar ba. Duk iyayen da suka shiga taron makaranta suna neman a biya wa ɗansu darasin jami'a, sun shiga da buƙatar da kotu ta riga ta rufe. Waɗanda suka shiga suna neman a bar 'yar aji biyar ta zauna a lissafin aji bakwai, su ne ke tsaye a kan Centennial.

A gefe guda, wanda ya saba da tsarin Najeriya zai lura da bambanci. A Najeriya an fi karkata ga tattara zaɓaɓɓun yara a makaranta ta dabam, kamar makarantar gwamnatin tarayya ta haziƙai da ke Suleja. Batun Pensilbaniya na yaron da ya ci gaba da zama a makarantar unguwarsu ne.

Yadda tsarin yake tafiya yanzu

A shekarar 2000 jihar ta ware wa masu baiwa nasu babin a cikin ƙa'idojin ilimi, Babi na 16, aka kuma yi masa gyara a 2008. Ya shafi dukkan gundumomi 500 na jihar. Kwanaki a cikinsa ƙidayayyu ne, kuma yawancin iyayen da ke yin nasara ba da faɗa suke yi ba, da kalanda suke yi.

Ana farawa da buƙatar a gwada yaro. Iyaye na iya nema a kowane lokaci, amma a rubuce, kuma sau ɗaya tak a zangon karatu na shekara. Idan uwa ta faɗa wa malami da baki, wajibi ne makaranta ta ba ta takardar neman izinin gwaji cikin kwana 10. A nan ake fara asara. Malami zai ce bari mu ƙara lura da shi zuwa ƙarshen zango, uwa ta yi godiya ta tafi, babu takarda, babu kwanan wata. Agogo ba ya fara bugawa sai ranar da gunduma ta karɓi izinin iyaye da sa hannu. Daga ranar tana da kwana 60 ta kammala gwaji ta miƙa rahoto a rubuce, amma ba a lissafa kwanakin dogon hutun bazara. Wanda ya sa hannu a watan Mayu zai iya kaiwa Oktoba bai ga rahoto ba, kuma gunduma ba ta karya doka ba. Shi ya sa ake son a nema a farkon shekarar karatu.

Tawagar gwajin ta ƙunshi iyaye da kansu, da masanin halayyar ɗan'adam na makaranta mai lasisi, da malamin da ke koyar da yaron, da kuma, in da hali, wanda ya san al'adar gidan da yaron ya fito. Lambar da kowa ya haddace ita ce 130 a gwajin IQ, wato ma'aunin basira. Matsakaicin maki 100 ne, kuma kimanin yara biyu cikin ɗari ne ke kaiwa 130. Sai dai ƙa'idar ta ce ba za a yanke hukunci da wannan lamba kaɗai ba. Yaron da ya sami ƙasa da haka na iya shiga idan sauran alamomi sun nuna ƙarara: ya wuce ajinsa da shekara ɗaya ko fiye a wani darasi bisa jarrabawar da aka daidaita a faɗin ƙasa, ko yana kama sabon abu da sauri ya riƙe, ko aikin hannunsa da bincikensa sun fita daban. Akwai kuma sakin layi da baƙi ya kamata su sani: idan akwai shaidar cewa Turanci ba harshen gida ba ne, ko naƙasa, ko son zuciya kan jinsi ko launin fata, ko talaucin muhalli suna rufe basirar yaro, dole a yi la'akari da hakan. Haka nan ba a hana yaro shiga don kawai makinsa na saurin aiki ko na riƙe abu a ka ya yi ƙasa. Wannan ya taso ne saboda gwaje-gwajen basira irin na Wechsler suna haɗa sassa da dama su fitar da maki guda. Yaro mai zurfin tunani amma mai jinkirin rubutu zai iya samun 138 a sashen fahimtar magana, 105 a sashen sauri, jimilla ta faɗo ƙasa da 130. Mahaifin da bai nemi a nuna masa makin kowane sashe ba zai koma gida da cewa ɗansa bai kai ba.

Idan rahoto ya ce yaro mai baiwa ne kuma yana buƙatar koyarwa ta musamman, ana da kwana 30 a rubuta masa tsarinsa, takardar da ake kira GIEP. Ana gayyatar iyaye aƙalla kwana 10 kafin zaman. Bayan sa hannu, aiwatarwa ba ta wuce kwanakin makaranta 10. Ana sake zama a kan takardar aƙalla sau ɗaya a shekara.

Inda takardar ke lalacewa

Sashen farko na GIEP shi ne bayanin matsayin da yaro yake a yanzu, kuma duk abin da ya biyo baya a kansa yake tsaye. Gundumomi da yawa suna cika shi da maki IQ, da sakamakon jarrabawar jiha, da yabon malami cewa yarinya ce mai ƙoƙari da ladabi. Babu ɗaya daga ciki da ya faɗi abin da ake buƙatar sani, wato a wane aji ya kamata a koya mata lissafi. Jarrabawar ajinta ba za ta iya faɗa ba, domin tana da rufi. A ɗauka 'yar aji uku ce ta ci 99 cikin ɗari a jarrabawar aji uku. Wannan ya nuna ta gama da aji uku. Bai nuna ko ta tsaya a aji huɗu ba ne ko ta kai aji shida. Hanyar ganewa ita ce a ba ta jarrabawar ajin da ke gaba, a ci gaba da hawa har a kai inda ta fara tuntuɓe. Wannan dabara ta gwaji sama da aji ita ce masanin halayyar ɗan'adam Julian Stanley ya kafa aikinsa a kai a jami'ar Johns Hopkins tun 1971, lokacin da ya riƙa ba 'yan shekara 12 da 13 jarrabawar shiga jami'a ta SAT. A matakin gunduma ba sai an je da nisa haka ba: jarrabawar ƙarshen shekara ta aji huɗu da ta biyar suna nan a ofis. Buƙatar da ta fi kowace amfani a bakin iyaye ita ce a ba yarinyar waɗannan, a rubuta sakamakon a takardar da lambobi.

Sashe na biyu shi ne burin shekara. Burin da aka rubuta da cewa ɗaliba za ta haɓaka zurfin tunani, ko za ta ƙarfafa ƙirƙira, ba a iya auna shi, don haka ba a iya cewa an gaza cika shi. Idan ka ga jimla iri ɗaya a takardun yara goma, to tsohon shirin Centennial ne aka sake wa riga. Burin da ke aiki yana cewa: za ta kammala manhajar lissafin aji biyar kafin ƙarshen shekara, da maki kaza ko sama a jarrabawar kowane babi. Ƙa'idar ta kuma buƙaci a rubuta ranar farawa, da sau nawa a mako, da wuri, da tsawon lokaci. Kalmomi irin su "idan an sami dama" ko "gwargwadon buƙata" a wannan gurbi suna kwance duk abin da aka ɗaure a sama.

Sai matsalar da yaran da kansu suka fi ƙorafi a kai: a ba su aikin aji duka, sannan a ƙara musu wani a kai don suna da baiwa. Yaro ba wawa ba ne, da ya gane cewa ladan saurin gamawa shi ne ƙarin takardu, sai ya rage gudu. Haka nan wanda aka fitar zuwa darasin faɗaɗa sani ya dawo aka ce ya rama duk abin da aka yi ba ya nan. Maganin wannan shi ne matse manhaja: a gwada yaro kafin a fara babi, abin da ya nuna ya iya a cire masa, lokacin da aka samu a zuba masa sabon abu. Binciken da Sally Reis da abokan aikinta suka yi a jami'ar Konetikat, wanda aka fitar a 1993, ya gano malamai na iya cire kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na manhaja ga irin waɗannan yara ba tare da sakamakonsu ya faɗi ba. Amma sai an rubuta a GIEP cewa sabon aiki yana maye gurbin na aji ne, in ba haka ba kowane malami zai yi nasa fahimtar.

Ciyar da yaro gaba a darasi ɗaya shi ne abin da Centennial ta tabbatar, kuma cikas ɗinsa yawanci ba na ilimi ba ne, na jadawali ne. Lissafin aji uku ƙarfe tara, na aji biyar ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da ajinta ke darasin karatu. Idan ba a tayar da maganar ba kafin shugaban makaranta ya tsara jadawalin shekara mai zuwa, gyara zai yi wuya, shi ya sa zaman watan Afrilu ko Mayu ya fi na Satumba amfani a wannan fuska. Cikas na biyu yana zuwa bayan shekara ɗaya ko biyu, sa'ad da yarinyar ta cinye lissafin firamare kuma aji na gaba yana wani gini. Babi na 16 ya lissafa jigilar yaro zuwa azuzuwan da ke gine-ginen gunduma a cikin hidimomin tallafi, saboda haka a nemi a rubuta motar a takarda tun kafin a iso wurin. Ya kuma hana a zaɓa wa yaro gurbi bisa dalilin rashin malami, ko rashin ɗaki, ko sauƙin gudanarwa. Idan aka ce "ba mu yin haka a nan", a nemi a rubuta dalilin. Sau da yawa dalilin ba ya jure rubutu.

Fargabar cewa tsallaken aji zai lalata wa yaro zamantakewa ta fi yawa a bakin malamai fiye da a cikin bincike. Babban rahoton da cibiyar Belin-Blank ta jami'ar Ayowa ta fitar a 2004 ya tattaro nau'o'in ciyarwa gaba har 18, ya nuna yawancin yaran da aka zaɓa da kyau suna samun riba. Sharaɗin zaɓe da kyau ba ƙaramin abu ba ne: yaron da ba ya son a raba shi da ajinsu, ko wanda za a kai ajin da yayansa yake, ana taka-tsantsan da shi. Ciyarwa a darasi ɗaya ta fi tsallake aji gaba ɗaya sauƙin warwarewa idan ba ta karɓi yaro ba.

Idan an kasa daidaitawa

A ƙarshen zama gunduma na miƙa takardar sanarwar gurbin da ta ba yaro, wadda ake kira NORA. Ita ce takardar da ke da haƙori. Idan hannu da hannu aka ba da ita a wurin zaman, iyaye na da kwana 5 su amsa. Idan ta gidan waya ta zo, kwana 10. Babu dalilin sa hannu a kan tebur, a gaban mutum biyar da ke jiran tashi. Wanda bai yarda ba sai ya nuna haka a takardar, ya zaɓi sasanci ko sauraren ƙara, waɗanda ofishin warware saɓani na jihar ke shiryawa. Ƙa'idar ta ce a zauna sauraren cikin kwana 30 da nema, hukunci ya fito cikin kwana 45, kuma yaro na ci gaba da zama a gurbinsa na yanzu har a gama.

A nan ne raunin tsarin yake fitowa. A ƙarƙashin dokar masu naƙasa, iyayen da suka yi nasara na iya neman gunduma ta biya musu kuɗin lauya. A Babi na 16 babu wannan. Gunduma na zuwa da lauyanta, iyaye su zo da aljihunsu, kuma abin da za su samu idan sun ci shi ne gyaran takarda da wasu awoyi na ramuwar karatu daga manhajar da take nan dama. Jihar ma ta ɗora wajibcin ba tare da ta ware wani kaso na kuɗi da sunan masu baiwa ba, don haka kowace gunduma daga asusunta take yi. An ƙayyade wa malamin masu baiwa yara 65 a hannunsa da 20 a aji ɗaya, wanda ke nufin mutum guda na iya rubuta GIEP 65 a shekara yana yawo tsakanin makarantu. Ba abin mamaki ba ne takardun su yi kama da juna. Sakamakon shi ne haƙƙin yana nan a rubuce ga kowa, amma waɗanda suka fi cin moriyarsa su ne iyaye masu ilimi da lokacin zuwa taro da rana tsaka.

Abin da ke rage wannan giɓi shi ne haɗuwar iyaye. Ƙungiyar PAGE, wadda ke fafutukar ilimin masu baiwa a jihar tun shekarun 1950, tana da rassa a gundumomi, kuma amfaninsu a bayyane yake: uwar da ta san cewa an taɓa barin wani ɗan aji shida ya ɗauki aljabara a gundumar, ba za a gaya mata cewa ba a taɓa yi ba. Abubuwan da GIEP ɗaya ba za ta iya canzawa ba, kamar a daidaita lokacin lissafi a dukkan azuzuwa, ko a riƙa tantance kowane yaro a wani aji maimakon jiran malami ya nuna wanda ya ga dama, a zaman hukumar makarantu ake neman su, kuma a yawancin gundumomi mambobin hukumar zaɓaɓɓu ne. Tantance kowa da kowa ya fi taimakon 'ya'yan baƙi da na talakawa, domin su ne ba a cika nunawa ba.

Rukuni biyu na iyaye su lura kafin su dogara da duk wannan. Yaron da ke da baiwa kuma yana da naƙasa, kamar matsalar karatu ko ta natsuwa, takarda ɗaya ake yi masa a ƙarƙashin Babi na 14 na masu naƙasa, a shigar da buƙatun baiwarsa a ciki. A duba da kyau, domin sashen baiwar ne ke yawan ɓacewa. Makarantun cata kuma, masu cin gashin kansu da kuɗin gwamnati, waɗanda suke da yawa a Filadelfiya, Babi na 16 bai ɗaure su ba. Yaron da aka cire daga makarantar gunduma aka kai can, GIEP ɗinsa ba ta bin sa.